Wuta ta ɗauke ranar Alhamis, rumbun bayananmu ya lalace: me ya kamata mu gyara?

Sani Sabon Gari:
Assalamu alaikum, malamanmu da ƴan uwa na wannan zaure. Ina so in kawo muku wata matsala da ta same mu a wurin aiki, domin na san akwai waɗanda suka riga ni daɗewa a wannan sana'a, kuma abin da ya same mu yana iya samun kowane biro a nan Damagaram. Ni ne nake kula da na'urorin wani shagon sari da ke ba ƴan kasuwa kaya tun daga Mirriya har Tanut, kuma lissafin kaya da na bashin abokan ciniki duk yana cikin rumbun bayanai na manhajar PostgreSQL a kan sabar guda ɗaya, wato babbar kwamfutar da sauran na'urorin suke dogaro da ita. Ranar Alhamis ta makon jiya, wadda kowa ya san ita ce ranar da ciniki ya fi yawa a garin nan, wuta ta ɗauke bayan azahar, ondila ba ta riƙe ko minti ɗaya ba, kafin a tada gurup sabar ta riga ta mutu. Da aka kunna ta rumbun ya buɗe, amma teburin da ke ɗauke da takardun ciniki ya riƙa ba da saƙon cewa akwai shafin da ba ya karantuwa.

Na kwantar da hankalina domin na san muna ɗaukar kwafin ajiya kowane dare da pg_dump, umarnin da ke kwashe bayanan rumbu zuwa fayil. Da na duba sai na tarar cewa fayilolin kwana 19 na ƙarshe duk fanko ne, suna nan da sunansu da kwanan watansu, amma babu komai a ciki, saboda an canza kalmar sirri ba a gyara ta a cikin umarnin da ke aikin dare ba. Bayan haka na buɗe fayil ɗin saiti, na ga an rubuta fsync = off, wato an kashe wani saiti mai suna fsync, tun kafin zuwana. Sauran teburan mun samu mun kwashe su lafiya, shi kuwa teburin ciniki sai da muka dawo da tsohon kwafi, muka yi kwana huɗu muna sake shigar da ciniki daga takardun hannu. Yanzu na kunna fsync, masu karɓar kuɗi suna cewa aiki ya yi nauyi, maigida kuma yana tambayata ko sai ya sayi sabuwar na'ura. Ina neman shawararku.

Malam Isufu:
Wa alaikumus salam. Sani, Allah ya kiyaye gaba, kuma ka kyauta da ka faɗi abin yadda yake. Kafin a zo maganar sayen na'ura, ina so ka fahimci abin da aka kashe a waccan sabar, domin idan ka gane shi da kyau babu mai sake rinjayarka ka kashe shi.

Dubi yadda babban ɗan kasuwa yake yi a Kasuwar Dole. Ba ya buɗe babban littafin lissafi duk lokacin da aka ɗauki kaya, yana da ƙaramin kaye a gabansa da yake rubuta kowane ciniki a jere, sai hankali ya kwanta ya kwashe zuwa babban littafi. Idan wani abu ya katse shi, ƙaramin kayen ne zai gaya masa inda ya tsaya. PostgreSQL haka yake aiki: duk wani canji sai an fara rubuta shi a kundin da ake kira WAL kafin a taɓa ainihin shafukan tebur, waɗanda kowannensu kilobayit 8 ne. Shafukan suna iya zama a ƙwaƙwalwar na'ura har zuwa lokacin kwasa, wanda a saitin asali yake zuwa duk minti 5 ko idan kundin ya taru da yawa. Idan wuta ta ɗauke, rumbun zai bi kundin daga kwasa ta ƙarshe ya sake yin duk abin da aka tabbatar. Wannan tsari gaba ɗaya ya dogara ga sharaɗi guda, wato idan rumbun ya ce wa diski ya rubuta, ya jira har diskin ya amsa cewa rubutu ya sauka. Wannan jiran shi ne fsync. Wanda ya kashe shi ya bar wa na'ura ta rubuta abin da ta ga dama a lokacin da ta ga dama, har shafin tebur yana iya sauka kafin kundinsa, ko rabin shafi ya sauka rabi bai sauka ba. A wannan hali asarar ba ta tsayawa ga cinikin minti na ƙarshe, tana iya cin bayanan da aka shigar tun bara, kuma mafi muni shi ne lalacewar tana iya ɓoyewa har sai ranar da aka nemi wancan shafin.

Saboda haka shawarata ta farko: tunda sabar ta mutu alhali fsync yana kashe, kada ka amince da teburan da suka nuna kamar lafiyarsu lau. Ka kwashe komai da pg_dump, ka kafa sabon rumbu, ka kunna alamar tantance shafuka tun wajen kafawa, sannan ka zuba bayanan a ciki, domin duk fihirisa, wato jerin da ke kai rumbu ga layin da ake nema da sauri, a sake gina ta daga tushe.

Habu:
Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma ina da ja a kan wani ɓangare. Maganar da masu karɓar kuɗi suke yi ba ƙorafin banza ba ne. Diski mai juyawa sau 7,200 a minti yana juyawa sau 120 ne kawai a daƙiƙa, don haka mai shigar da bayanai ɗaya bayan ɗaya, yana jiran kowanne ya sauka, da wuya ya wuce wannan adadin. Ni ina aiki da MySQL, wata manhajar rumbun bayanai irin PostgreSQL, kuma a wani wuri da nake kula da shi na mai da saitin innodb_flush_log_at_trx_commit daga 1 zuwa 2, aikin da yake cin rabin awa ya koma ƴan mintoci. Shekara biyu ke nan, an sha ɗauke wuta, rumbun bai taɓa lalacewa ba. Ina ganin idan muka tsaya a kan cewa kada a taɓa komai, mutane za su gaji da mu su nemi wanda zai kashe musu komai.

Zainabu:
Yaya Habu, abin da ka yi da abin da aka yi a wurin su Sani ba ɗaya ba ne, kuma bambancin nan shi ne zuciyar maganar. Saitin 2 da ka sa yana miƙa kundin ga na'ura a kowace tabbatarwa, sannan a tilasta saukar da shi kan diski kusan sau ɗaya a daƙiƙa. Idan wuta ta ɗauke za ka iya rasa cinikin kusan daƙiƙa ɗaya, amma InnoDB, injin da ke ajiye bayanai a MySQL, zai tashi da tsarinsa daidai. Takwaransa a PostgreSQL shi ne synchronous_commit = off, ba fsync ba. Da synchronous_commit = off rumbun yana amsa wa mai aiki kafin kundi ya sauka, kuma jinkirin ba ya wuce ninki uku na wal_writer_delay, wanda asalinsa kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ne, ka ga bai kai daƙiƙa ɗaya ba ke nan. Ana iya rasa ma'amaloli na ƙarshe, rumbun kuwa ba ya lalacewa. Abin da ya fi burge ni shi ne ana iya sa shi ga ma'amala guda kawai. Rubutun da ke nuna wane ne ya buɗe wane shafi a wane lokaci, wannan a bar shi ya tafi da sauri. Karɓar kuɗi da rage bashi kuwa dole su jira diski.

Kuma cewar da ka yi rumbunka bai taɓa lalacewa ba gaskiya ce, sai dai ba ta nuna ba ka taɓa rasa komai ba. Idan an rasa ciniki ɗaya a daƙiƙar da wuta ta ɗauke, babu saƙon da zai fito ya gaya maka.

Habu:
Na karɓi wannan, ƙanwata. A wurin da nake magana bayanan auna zafi da ƙarfin wuta ne ake tarawa, rasa daƙiƙa ɗaya ba ya cutar da kowa. Da kuɗi ne ba zan yi ba.

Hajiya Mariyama:
Ni ba ma'aikaciyar na'ura ba ce, lissafin kuɗi nake riƙewa a wata ƙungiyar adashe da lamuni ta mata, amma ina karanta abin da kuke rubutawa saboda a kanmu abin yake ƙarewa. Idan na'ura ta fitar da takardar shaida ta ce an karɓi jika 50 daga hannun wata baiwar Allah da ta taso tun daga Magarya, sannan gobe a ce babu wannan a rumbu, ba injiniya za ta kama ba, ni za ta kama, kuma gaskiya tana tare da ita. Abin da nake roƙonku, ƴaƴana, shi ne ku daina yanke irin wannan hukunci ku kaɗai a ɗakin na'ura. Ku zo ku tambaye mu a cikin harshen da muke ji: idan abu ya ɓaci, aikin awa nawa za ku iya jure rasawa, kuma awa nawa za ku iya zama babu na'ura kafin aiki ya tsaya? Mu muka san amsar. A wurinmu, a ƙarshen wata, ko aikin awa ɗaya ba za mu iya sake haɗawa ba sai da wahala mai yawa, amma muna iya yin yini guda da takarda da biro idan mun san komai zai dawo. Ban taɓa jin wanda ya yi mini wannan tambayar ba sai bayan da ɓarna ta auku.

Malam Isufu:
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Tambayoyi biyun nan da kika kawo su ne ake fara rubutawa a duk tsarin ajiya na ƙwarai, kuma daga amsarsu ake sanin kayan aikin da za a ɗauka. Sani, ka lura: ko da kwafinka na dare yana aiki lafiya, wutar da ta ɗauke bayan azahar za ta ci maka cinikin safiyar Alhamis gaba ɗaya. Idan maigidanka ya yarda da haka, pg_dump ya ishe ka. Idan bai yarda ba, sai ka koma ga ajiye kundi.

Zainabu:
Bari in ɗan faɗaɗa wannan, domin shi nake yi a wurin aikina. Ana ɗaukar cikakken kwafin rumbu da pg_basebackup, misali sau ɗaya a mako, sannan a sa rumbun ya riƙa tura kowane yanki na kundin WAL zuwa wata na'ura dabam da zarar ya cika. Kowane yanki mega 16 ne. A ƙaramin shago yanki ɗaya yana iya daɗewa bai cika ba, don haka ake sa archive_timeout, a ce duk minti 5 a rufe yankin a tura shi ko bai cika ba, kuma idan an matse shi ba ya cin wuri sosai. Da cikakken kwafi da jerin yankunan nan za ka iya dawo da rumbun zuwa kowane lokaci da ka zaɓa, ka ce a tsaya ƙarfe 2 da minti 14, kafin wani ya goge tebur bisa kuskure. PostgreSQL yana da wannan tun fitowa ta 8.0 a 2005, ba sabon abu ba ne, kuma akwai pgBackRest da Barman da suke sauƙaƙe aikin, su riƙa share tsofaffin kwafi bisa ƙa'idar da ka gindaya. A MySQL kundin binlog ne yake wannan aiki, tare da mysqldump ko XtraBackup.

Akwai tarko ɗaya da ya kamata ka sani tun yanzu. Idan turawar ta tsaya, misali na'urar da ke karɓa ta mutu, rumbun ba zai share yankunan da bai tura ba, za su yi ta taruwa har diski ya cika, sabar ta tsaya cak. Ka riƙa duba pg_stat_archiver, yana nuna lokacin da aka yi turawa ta ƙarshe da wadda ta gaza. Wani abu kuma da nake gani a birori da yawa shi ne mutum ya kwafi jakar bayanan rumbu zuwa kile alhali rumbun yana aiki. Wannan kwafin ba abin dogaro ba ne, domin farkonsa da ƙarshensa ba na lokaci ɗaya ba ne.

Lawali Birni:
Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma ni da nake buɗe cikin na'urori ina so in ja hankalinku ƙasa kaɗan. Sani ya ce ondila ba ta riƙe minti ɗaya ba, kuma babu wanda ya tsaya a kan wannan. Batiran da ke cikin ondila an auna rayuwarsu ne a kan zafin digiri 25, kuma ƙa'idar da masu sana'ar suka sani ita ce duk ƙarin kusan digiri 10 yana rage rayuwarsu da rabi. A nan kuwa watan Afrilu da Mayu zafi yana haura 40, kuma sau da yawa sabar tana cikin ƙaramin ɗaki da babu iska. Fitilar ondila za ta nuna kore har ranar da aka buƙace ta. Hanyar sani ɗaya ce, a zare ta daga bango da gangan a ranar da babu aiki, a ga minti nawa za ta yi. Sannan a haɗa ta da sabar da waya, a sa manhajar NUT ko apcupsd, yadda idan batir ya yi ƙasa sabar za ta rufe rumbun cikin tsari ta kashe kanta. Ƙurar hunturu ma tana toshe fanka, sai a riƙa busa ta.

Abu na biyu, fsync yana amfani ne idan diski yana faɗin gaskiya. Akwai diski masu araha da suke amsa cewa rubutu ya sauka alhali yana cikin ƙaramar ma'ajiyarsu ta wucin gadi, wadda take gogewa da ɗaukewar wuta. Ka gwada da pg_test_fsync. Idan diski mai juyawa ya ba ka dubbai a daƙiƙa, ka san wata ma'ajiya ce take amsawa a madadinsa, sai ka tabbatar tana da batir ko ka kashe ta. Amsata ga maigidanka, Sani, ita ce ba sai ya sayi sabuwar sabar ba. Ya sayi sababbin batira da SSD, wato diski mai sauri da ba ya juyawa, irin na sabar, mai ajiyar wuta a cikinsa da ke ƙarasa rubutu idan wuta ta yanke. Da wannan kaɗai nauyin da masu karɓar kuɗi suke ji zai ragu ƙwarai, fsync yana kunne.

Habu:
Idan za a kashe kuɗi, me zai hana a sa diski biyu masu madubin juna, ko a kafa sabar ta biyu da ke bin sawun ta farko? PostgreSQL yana da tsarin sabar mai bin sawu tun fitowa ta 9.0 a 2010. Idan akwai ta, ina ganin buƙatar kwafin dare ta ragu.

Malam Isufu:
Ba ta ragu ba ko kaɗan, Habu. Madubi da sabar mai bin sawu suna kare ka daga mutuwar ƙarfe, amma duk kuskuren da aka yi a ta farko yana isa ta biyu cikin ƙiftawar ido. Wanda ya goge tebur ya goge shi a wuri biyu. Ana iya sa ta biyun ta riƙa jinkiri na awa ɗaya ko fiye, wannan yana taimakawa, sai dai idan ba a gano ɓarnar ba sai bayan mako guda fa?

Ina so ku tuna abin da ya sami GitLab, kamfanin da masu rubuta manhaja suke ajiye aikinsu a wurinsa, ranar 31 ga Janairun 2017, domin su da kansu suka bayyana shi dalla-dalla. Sabar mai bin sawu ta samu matsala, wani injiniya yana ƙoƙarin gyara ta da dare, sai ya goge jakar bayanai a kan babbar sabar yana zaton ta biyun ce. Kusan giga 300 suka tafi kafin ya tsayar da umarnin. Suna da hanyoyin ajiya har biyar, amma da aka nema babu wadda ta yi aiki yadda aka zata. Kwafinsu na pg_dump ya daɗe yana gazawa saboda ana amfani da na fitowa ta 9.2 a kan rumbu na fitowa ta 9.6, kuma saƙonnin da ke sanar da gazawar ba sa isa ga kowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu kimanin awa 6 kafin ɓarnar, kuma bayanan waɗannan awannin sun tafi. Ka ga, Sani, cutar da ta kama fayilolinka na kwana 19 ita ce ta kama kamfanin da ke da ƙwararru masu yawa. Manomi ba ya cewa yana da hatsi don ya ga rumbu a tsaye, sai ya buɗe ya ga ko gara ta shiga. Ni a wurina kwafin da ba a taɓa dawo da shi a kan wata na'ura ba, ba na lissafa shi cikin abin da na mallaka. Ka sa rana a kowane wata, ka dawo da kwafi a wata tsohuwar kwamfuta, ka ƙidaya layuka, ka kira mai lissafi ya duba jimillar bashi, ka rubuta minti nawa aikin ya ci da kowane mataki da ka bi, yadda wani zai iya yi idan kana tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ka juya tsarin sanarwa: maimakon ka jira saƙon gazawa, ka sa a aiko maka saƙo kowace safiya da girman fayil, ranar da bai zo ba ka san akwai matsala.

Lawali Birni:
Sai maganar inda za a ajiye. Ƙa'idar da aka sani ita ce kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Gobarar kasuwa ba baƙon abu ba ce a ƙasar nan, kuma diskin ajiya da ke kan tebur ɗaya da sabar tare za su ƙone. Ni na fi son diski biyu da ake musanyawa, ɗaya a biro ɗaya a gidan maigida, kuma wanda ke gida ba ya haɗe da komai, don haka masu kulle bayanai su nemi kuɗin fansa ba sa iya kaiwa gare shi.

Zainabu:
Malam Lawali, musanyar diski tana dogara ga mutum ya tuna, kuma a nan take mutuwa bayan wata biyu. Na san kuɗin intanet da yankewarsa, amma rumbun ƙaramin shago idan an matse shi sau da yawa ba ya da girma, kuma yankunan kundi ƙanana ne, ana iya tura su ma'ajiyar intanet da dare. PostgreSQL 17, wanda ya fito a 2024, ya ma kawo ɗaukar kwafin abin da ya canza kawai. Ban ce a dogara da can ɗin kaɗai ba. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen OVH, kamfanin da ke ba da hayar sabar, a Strasbourg ta Faransa, kuma akwai abokan cinikin da ajiyarsu take a wuri ɗaya da sabarsu, suka rasa duka biyun. Ni ina ganin a haɗa hanyoyin biyu. Ko wacce aka bi, dole a kulle kwafin da mabuɗin sirri kafin ya bar ginin, domin yana ɗauke da sunaye da lambobin waya da bashin mutane, kuma ƙasarmu tana da dokar kare bayanan mutane. Mabuɗin kuma a rubuta shi a takarda a ajiye a wurin mutum biyu amintattu, kada ya zauna a kan sabar da ake tsoron rasawa.

Sani Sabon Gari:
Na gode ƙwarai. Saura maganar nauyi, domin kafin SSD ya iso daga Kano ina so in rage wa mutane wahala. Sabar tana da ƙwaƙwalwa giga 16.

Zainabu:
Kada ka fara da canza saiti, ka fara da aunawa. Ka kunna pg_stat_statements, ka bar shi ya yi yini guda na ciniki, zai nuna maka tambayoyin da manhaja ke yi wa rumbu waɗanda suka fi cin lokaci, kuma galibi biyu ne ko uku. Ka ɗauki ta farko ka duba ta da EXPLAIN ANALYZE, umarnin da ke nuna hanyar da rumbu ya bi wajen amsa ta. Ina kyautata zaton za ka tarar ana karanta teburin ciniki tun daga farko har ƙarshe duk lokacin da aka nemi bashin mutum ɗaya, saboda PostgreSQL ba ya ƙirƙirar fihirisa da kansa a kan ginshiƙin da ke nuni zuwa wani tebur. Fihirisa ɗaya a wurin da ya dace ta fi duk wani saiti amfani, amma kada ka cika su, kowacce tana ƙara wa rubutu nauyi. Bayan haka ka duba shared_buffers, wato ƙwaƙwalwar da rumbu ke ajiye shafuka a ciki, wanda asalinsa mega 128 ne kawai, ana farawa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwaƙwalwa, wato giga 4 a wurinka. Ka yi hattara da work_mem: asalinsa mega 4, kuma ana ba da shi ne ga kowane aikin jerawa a kowace tambaya, don haka idan ka mai da shi 64 kuma mutum 100 suka haɗu, ka wuce giga 6 tun kafin a ƙirga tambayoyin da ke jerawa sau biyu. Idan SSD ya zo ka sauke random_page_cost, wato nauyin da rumbu ke ƙiyasta wa karanta shafuka a warwatse, daga 4 zuwa kusan 1.1. Kada ka kashe autovacuum, mai share matattun layuka daga tebur, ko da wani ya ce yana jawo nauyi. Ka canza abu ɗaya, ka auna, ka rubuta, sannan ka taɓa na gaba.

Habu:
Ina ƙarawa da ɗaya: ka duba ko manhajar tana tabbatar da kowane layin kaya shi kaɗai. Takardar ciniki mai kaya 30 idan an haɗa ta a ma'amala guda, jira ɗaya za a yi wa diski maimakon 30, kuma hakan ya fi daidai, domin ba za a taɓa samun rabin takarda a rumbu ba.

Sani Sabon Gari:
Assalamu alaikum, na dawo da bayani bayan kwana shida. Na sake kafa rumbun kamar yadda Malam Isufu ya ce. Na zauna da maigida da mai lissafi na yi musu tambayoyin Hajiya, suka ce ba za su iya rasa fiye da minti 15 ba, kuma za su iya jure rabin yini babu na'ura, don haka na kafa tura kundi duk minti 5 zuwa kwamfutar da ke ɗakin maigida. Abin da Zainabu ta zata shi ne ya fito: babu fihirisa a kan lambar abokin ciniki, da na sa ta neman bashi ya sauka daga daƙiƙa 9 zuwa ƙasa da ɗaya. Maganar Habu ma gaskiya ce, na sanar da wanda ya rubuta manhajar. An canza batiran ondila, mun zare ta daga bango ta yi minti 22.

Ranar Lahadi na gwada dawo da kwafi a tsohuwar kwamfuta. Na cikakken kwafi da kundi ya tashi lafiya cikin minti 40, mai lissafi ya duba jimillar bashi ta yi daidai. Na pg_dump kuwa ya yi ta ba da kurakurai cewa babu masu amfanin da aka ba izini a kan teburan, kuma manhajar ta ƙi shiga. Ban gane dalili ba tukuna.

Malam Isufu:
Madalla, Sani. Dalilin shi ne pg_dump yana ɗaukar rumbu ɗaya ne kawai, sunayen masu amfani da kalmomin sirrinsu kuwa suna zaune a matakin sabar gaba ɗaya. Ka ƙara pg_dumpall --globals-only a aikin dare, ka ajiye fayil ɗinsa tare da kwafin, kuma wajen dawowa shi za ka fara zubawa. Ka haɗa da fayilolin saiti, postgresql.conf da pg_hba.conf, su ma ba sa cikin pg_dump. Idan ka gyara ka sake gwadawa ranar Lahadi mai zuwa, amma wannan karon ka ba wani abokin aikinka takardar matakan da ka rubuta, ka zauna gefe ka ga inda zai tsaya.